Injin Abban Bilkisu

Talata, bayan azahar

Yau na buɗe shago. Malam Zakka ya riga ni zuwa, na tarar da shi zaune a bencin mai walda na kusa da mu yana jiran makulli, kamar yadda ya saba jiran Abban Bilkisu. Shekara da shekaru shi ke ɗaura yadi a firam yana zura zare, amma bai taɓa sa hannu a kwamfuta ba, ya ce shi da ita sai gaisuwa daga nesa. Ya tambaye ni mai jiki, na ce da sauƙi. Bai ƙara tambaya ba, Allah ya saka masa da alheri.

Kujerar Abban Bilkisu tana kwance inda aka ture ta ranar Alhamis da ya faɗi. Na ɗaga ta na mayar gaban tebur. Hularsa tana ƙarƙashin tebur, na kakkaɓe na sa a jaka.

Aikin da ke gabanmu bajo ne na rigunan ɗalibai, na wata makaranta a GRA, kuma hutu ya kusa ƙarewa. Shugabar makarantar ta kira wayarsa, ni na ɗauka. Na ce mata, “Hajiya, za a gama in sha Allahu.” Ban san da wane ƙarfi na faɗa ba.

Ba zan rubuta zancen asibiti a nan ba.

Laraba, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin yake don kada in rikice. Injin surfanin nan tsoho ne, na hannu Abban Bilkisu ya sayo shi daga Kano tun kafin a haifi Bilkisu. Manhajar da ke tura masa zane ba ta aiki sai a kan tsohuwar kwamfuta, irin wadda aka daina yi. Da tsohuwar tamu ta mutu bara, sai ya sa wata manhaja a sabuwar laftof. In ka kunna ta sai taga ta buɗe, a cikin tagar kuma ga tsohuwar kwamfutar nan sak, har hoton da ke bangonta. Kwamfuta a cikin kwamfuta. Shi yake ce mata 'yar ciki, laftof ɗin kuma uwa. Duk zanen da ya yi a rayuwarsa yana cikin 'yar ciki, wuyan riguna, tambarin makarantu, sunayen amare a jikin zanin gado.

Na sha zama kusa da shi ina kallo, don haka na san inda ake dannawa. Na kunna, na tura bajon, inji ya kama aiki. Malam Zakka har ya fara waƙar cocinsu a hankali. Ana tsakiyar bajo sai inji ya tsaya cak, allura a cikin yadi. 'Yar ciki ta ce wai ba ta ga inji ba. Ga shi kuwa a gabanta, waya a jone.

Na kashe na kunna. Da ya ci gaba sai ɗinkin ya goce, tauraron bajon ya hau kan rubutu. Ya lalace. Muka sake, ya yi guda biyu lafiya, a na uku ya sake tsayawa.

Laraba, bayan magariba

Makon da ya wuce ma haka injin yake ta yi wa Abban Bilkisu. Yanzu na tuna. Ya dawo gida ba ya magana, ya ce an sabunta manhajar tun daga nan ta fara iskanci. Na ce ya ci abinci tukuna. Ya ce kansa ke ciwo.

Alhamis, da safe

Mako guda ke nan.

Juma'a, bayan la'asar

Na je bakin kasuwar Wunti wajen Marvellous. Ita ce mai gyaran kwamfuta da yake kai wa laftof in ta fi ƙarfinsa, doguwa ce, kullum da ɗan sukudireba a cake a kitsonta. Tana ganina ta tashi ta rungume ni, ashe ta ji. Ta rufe shagonta ta biyo ni a Keke har shagonmu a Fadaman Mada, ta hana ni biyan kuɗin mota.

Ta daɗe tana dubawa. Na ce, “To a mayar da tsohuwar manhajar mana, tunda sabuwar ce ta kawo matsala.”

Ta girgiza kai. “Anti Zubaida, na gwada. Sabon ya riga ya canza 'yar cikin, tsohon ba ya iya buɗe shi kuma. In na tilasta, zanen Oga Nu'uman zai iya tafiya gaba ɗaya.”

“A sayo wata manhajar zanen fa?”

“Kamfanin ya rufe tun tuni. Wannan ɗin da ke ciki shi kaɗai ne kuke da shi.”

Na zauna. Ta ce kafin komai za ta kwafe 'yar ciki gaba ɗaya ta adana a wani wuri, ko da wani abu zai faru. Ta ce masu yin manhajar suna da dandali a intanet inda ake kai musu ƙorafi, kuma suna amsawa. Na ce su wa za su kula da shago ɗaya a Bauchi? Ta ce, “Ba don ke za su kula ba, Anti. Ba sa son abinsu ya riƙa faɗuwa ne. In ya faɗi a nan zai faɗi a wani wuri.”

Ta rubuta musu da Turanci, ta haɗa da wani dogon bayani da manhajar ke rubuta wa kanta duk lokacin da ta yi tuntuɓe. Ni dai ban ga komai a ciki ba sai lambobi.

Asabar, da azahar

Ya riƙe cokali da hagu. Kunun ya zuba a rigarsa, ya yi fushi, ya juya wa bango fuska. Inna Azumi, mahaifiyarsa, ta ce fushin nan ma alheri ne, wanda ya sare ba ya fushi.

Na ce ba zan rubuta ba. To, wannan kaɗai.

Litinin, da hantsi

An amsa! Marvellous ta kira ni tana ihu a waya. Wani ne daga cikin masu gyaran manhajar, sunansa haruffa ne da lambobi, hotonsa kuma mage ce mai ruwan toka, don haka muka sa masa Mai Mage. Ya ce ya karanta bayanin, ya ga inda hanyar da ke tsakanin 'yar ciki da inji take yankewa, amma bai ga abin da ke yanke ta ba. Ya gwada a wajensa yini guda bai ga komai ba. Ya tambaya me ke faruwa a ɗakin daidai lokacin da take yankewa.

Me ke faruwa a ɗakin? Malam Zakka yana waƙa. Ni ina addu'a. Fanka tana juyawa.

Mun ɓata yadi da yawa yau. Malam Zakka yana tara lalatattun a kwali, ya ce kada a zubar, zai farke su in ya sami sarari.

Talata, bayan isha'i

Bilkisu ta tambaye ni ko Abba ya manta sunanta. Na ce a'a, yana ciki, fitowa ne yake masa wuya. Ta ce kamar inji? Na ce ta je ta kwanta.

Laraba, bayan la'asar

Kwanakin nan kalma ɗaya yake maimaita mini. Ina shiga sai ya ce, “Wuta.” Inna ta zaci zazzaɓi ne, ta kira nas aka auna, babu komai. Na zaci fitilar ɗakin ke damunsa, na kashe, ya girgiza kai. Yau na zauna ina ba shi labarin shago don in ɗebe masa kewa, duk da Inna ta hana, ta ce kada a ɗora masa tunani. Na ce masa inji yana ta tsayawa. Sai ya kama hannuna da hagunsa ya matse har na ji zafi.

“Wuta,” ya ce. Ya ɗaga yatsa ya nuna cajar wayar Inna a jikin bango. Ya buɗe tafinsa ya rufe, ya buɗe ya rufe.

Na ce, “Cajar laftof?”

Ya rufe ido ya sauke numfashi mai tsawo. Da ya buɗe sai na ga hawaye, amma bakinsa, ɓangaren da yake motsi, murmushi yake.

Duk kwanakin nan ashe aiki yake yi mana a kwance, mu ne ba mu ji ba.

Alhamis, da azahar

Na sa kujera gaban laftof na kafa wa 'yar fitilar caja ido, Malam Zakka yana kula da inji. Muna nan sai mai walda ya kunna injinsa. Fanka ta yi sanyi, fitilar caja ta ƙyafta, ta mutu ta dawo, ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. A take inji ya tsaya.

Na yi kabbara da ƙarfi har mai walda ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Mun sake gwadawa. Na roƙe shi ya kunna ya kashe, bawan Allah ya bar aikinsa ya yi mana. Duk ƙyaftawa sai ta yanke. Mun jona cajar a sitabilaizar inji mai daidaita wuta, shi ma in ya yi ƙas ɗin nan nasa sai ta ƙyafta. Marvellous ta zo ta gani da idonta. Ta ce in wuta ta yi ƙasa, uwa tana komawa kan batir na ɗan lokaci sannan ta dawo, a wannan juyin ne take sakin hannun 'yar ciki. Ta rubuta wa Mai Mage.

Sai Malam Zakka, wanda ya ce shi da kwamfuta sai gaisuwa, ya ce, “To Madam, in an zare cajar gaba ɗaya fa? Ai ba ta da abin ƙyaftawa.”

Muka zare. Inji ya yi ta aiki lafiya lau har batir ya ƙare. Matsalar ita ce batirin ya tsufa, ba ya jimawa. Sai mu yi caji inji na hutawa, mu zare mu yi 'yan bajo kaɗan, mu sake jonawa. Tafiyar hawainiya, amma tafiya ce. Yau ba mu ɓata ko ɗaya ba.

Juma'a, da safe

Mai Mage ya amsa. Marvellous ta fassara mini tana dariya: wai a garinsu wuta ba ta ƙyaftawa haka, shi ya sa bai taɓa gani ba. Wai ya zauna yana zare caja yana mayarwa da hannu har matarsa ta tambaye shi ko lafiya, kuma ya ga abin da idonsa. Ya ce a ba shi 'yan kwanaki. Ya ce a gode wa wanda ya gano.

Zan gaya wa Abban Bilkisu yau.

Lahadi, bayan azahar

An fara masa gashi da motsa jiki. Ya tsaya da ƙafarsa, mutum biyu na riƙe da shi. Ban san ya rame haka ba sai da na gan shi a tsaye.

Da na gaya masa wani Bature mai mage yana gode masa, ya yi wata irin dariya, rabinta tari. Inna ta ce, “Ku dai da injin nan naku.” Amma ta daina hana ni zancen shago.

Talata, da la'asar

Shugabar makarantar ta zo da kanta, a mota, har ƙofar shago. Ta ga abin da muka gama, ta ga tulin da ya rage. Ta ce, “Malama Zubaida, ki gaya mini gaskiya. In ba zai yiwu ba in kai wani wuri tun da sauran lokaci, ba don na ƙi ku ba. Yara ba za su shiga aji riga babu bajo ba.”

Gaskiyarta ce. Kuma in ta tafi, sauran makarantun da ta kawo mana za su bi ta, na sani. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen mako mai zuwa. Ta dubi kujerar da ke gaban tebur.

“Shi ya zana mana tambarin nan tun muna da aji biyu,” ta ce. “To. Zuwa ƙarshen mako mai zuwa. Allah ya ba shi lafiya.”

Da tafiyar da muke yi yanzu ba za mu kai ba. Na lissafa ta kowace fuska.

Laraba, da hantsi

Mai Mage ya aiko da gyara na gwaji. Marvellous za ta zo ta sa bayan azahar. Na kasa cin abinci.

Laraba, bayan magariba

'Yar ciki ta ƙi tashi. Baƙin allo kawai.

Alhamis, bayan asuba

Jiya ban iya rubuta komai ba. Da Marvellous ta sa gyaran ta kunna, taga ta buɗe baƙa ƙirin, babu hoton bango, babu komai. Ta sake, haka. Na zauna a ƙasa kan tarkacen zare. Ban yi kuka a asibiti ba ko sau ɗaya, Inna ma har tana yaba mini. Jiya a gaban baƙin allo na yi shi, mai sauti, har Malam Zakka ya fita ya ja mana ƙofa.

Marvellous ta durƙusa ta riƙe kafaɗuna. “Anti, Anti, ki saurare ni. Kin manta na kwafe shi? Yana nan a jakata. Ko layi ɗaya na zanen Oga bai ɓata ba.”

Na manta. Wallahi na manta sam.

Ta mayar da kwafin da manhajar da muke amfani da ita kafin gwajin, 'yar ciki ta tashi kamar ba abin da ya faru. Na ce kada a sake gwada komai, mu ci gaba da zare caja. Ta ce to, amma bari ta gaya wa Mai Mage abin da ya faru. Ta ce gyara haka yake, na farko ba kasafai yake kamawa ba.

Alhamis, da la'asar

Mai Mage ya ba da haƙuri. Ya ce kuskurensa ne, bai gwada da tsohuwar 'yar ciki irin tamu ba. Mutum a wata duniya yana ba ni haƙuri, bai san ko fuskata ba.

An yi ruwa mai ƙarfi, hanyar Ɗan Iya ta cika, da ƙyar na ɗauko wa Inna kayan sawarta na wuce asibiti.

Asabar, da azahar

Gyara na biyu ya zo. Na ce a'a. Marvellous ba ta matsa ba, ta ce ni ce mai shago.

Na kai maganar asibiti, na faɗa masa komai, har baƙin allon. Na ce, “A sa ko a bari?” Ya daɗe yana motsa baki. Na jira, na koyi jira yanzu, ba na ƙarasa masa magana kamar da.

“Sa,” ya ce.

Lahadi, bayan la'asar

Marvellous ta zo daga coci kai tsaye da kayan adonta, ta sake kwafe komai a gabana, ta nuna mini inda ta ajiye. Sannan ta sa. Taga ta buɗe. Hoton bango ya fito. Muka tura bajo, caja a jone.

Mai walda ba ya aiki ranar Lahadi, don haka Marvellous ta kama cajar ta zare ta mayar, ta zare ta mayar, kamar mai wasa. Fitila tana ƙyaftawa, ni ina riƙe da bakin tebur. Inji ko a jikinsa. Allura tana ta tafiya, tauraro ya fito, rubutu ya fito, ya yanke zare ya koma na gaba.

Ta ce, “Anti, sake teburin mana, za ki karya.”

Litinin, bayan isha'i

Tun safe har magariba bai tsaya ba. Mai walda ya yi ta aikinsa. Bayana kamar zai tsage. Alhamdu lillahi.

Laraba, da hantsi

Likita ya ce za a sallame shi Juma'a, in komai ya tafi daidai. Za a ci gaba da gashi daga gida. Maganar kuma ya ce a hankali, kada a sa masa rana. Na share ɗaki, na matsar da gado kusa da ƙofa. Bilkisu ta ce ita za ta riƙa ba shi ruwa.

Marvellous ta turo mini hoto a waya. Masu manhajar sun fitar da sabuntawa ga kowa da kowa, da bayanin gyare-gyaren da suka yi don ta daina faɗuwa. Ta ja layi a ƙarƙashin guda ɗaya, can wajen tsakiya: an gyara yankewar na'urorin da ke jone yayin da kwamfuta ta koma kan batir. Shi ke nan. Babu Bauchi, babu mai walda. Ta ce har wani daga wata ƙasa ya rubuta a dandalin cewa injin awon jininsu ya daina yankewa, yana godiya. Na daɗe ina kallon layin.

Asabar, bayan la'asar

Jiya ya dawo gida. Yau da safe ya nuna ƙofa da sandarsa ya ƙi saukewa. Inna ta ce ina, daga dawowa? Ya ci gaba da nunawa. A ƙarshe ita da kanta ta aika a kira Keke, ta shiga ta zauna a gefensa tana mita har shago.

Malam Zakka ya riƙo shi ya zaunar da shi a kujerarsa. Ya bi ɗakin da kallo, firam-firam a bango, kwalin lalatattu, tulin waɗanda aka gama. Mai walda ya shigo ya gaishe shi. Marvellous ma ta zo, wai wucewa take.

Saura kaɗan mu gama, layin ƙarshe ne a kan inji. Ina ta nuna masa yadda caja take a jone, ina surutu kamar yarinya. Sai inji ya tsaya cak.

A tsakiyar bajo. Allura a ƙasa.

  Marvellous ta riga ta kai hannu kan laftof, Malam Zakka ya dafe kai, ni kuwa tunanina ya tafi kan Hajiya da za ta aiko direba bayan azahar.

Sai muka ji murya daga kujera, a hankali, kalma tana jan kalma.

“Ba... kwamfuta ba ce. Zaren ƙasa... ya ƙare.”

Malam Zakka ya sunkuya ya zaro kwarkwaron. Fayau, ko sili babu.

Inna ce ta fara. Ta rufe fuska da mayafi tana cewa, “Ya yi magana, kun ji shi, ya yi magana,” Marvellous tana dariya tana share ido da bayan hannu. Ni ban motsa ba. Shi kuwa bai kula mu ba, ya miƙa wa Malam Zakka hagunsa. Malam Zakka ya ɗora masa sabon kwarkwaro a tafi, ya riƙe masa hannun suka sa tare. Sai da suka yi sau uku kafin ya shiga.

Ya dube ni ya nuna maɓalli da haɓa. Na danna.

Direban Hajiya ya zo bayan azahar ya kwashe kaya. Yanzu Abban Bilkisu yana barci a falo, ya gaji sosai. Litinin akwai gashi da safe, daga can zan wuce Wunti in sayo zare, fari da ruwan goro duk sun kusa ƙarewa.